Jaket din fata ko na yadi, wanne ya dace da mai hawa babur kullum?

"Assalamu alaikum malam. Na sayi babur mai dan karfi, shi nake hawa kullum zuwa wajen aiki, tafiyar kamar minti 40 ce, rabi a cikin gari rabi a babban titi, wani lokacin kuma karshen mako nakan yi doguwar tafiya. Inda nake akwai watannin zafi sosai akwai kuma na ruwa. Yanzu na tara kudin jaket guda daya tak, abokaina sun rabu biyu, wasu sunce in ba fata ba to asarar kudi ce, wasu kuma sunce fata dafa ni zata yi in nemi na yadi. Don Allah wanne yafi kariya, kuma wanne zaka bani shawara in saya?"

Wa alaikumus salam dan uwa, Allah ya sanya alheri a babur din ya kuma tsare hanya. Idan na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka hada a guda daya, wato wanne ne yafi kare jiki ranar da aka fadi, sannan wanne ne zaka iya jure sakawa a sauran ranakun da ba a fadi ba. Abokanka duka bangarorin suna da gaskiya, kawai dai kowanne tambaya daya ya amsa ya bar dayar. Ni sana'ata dinki da gyaran kayan mahaya babur, ina kuma hawa, don haka mafi yawan abin da zan fada maka na koye shi ne daga jaket din da ake kawo min bayan mai shi ya sha kasa da shi, in juya shi ciki da bai in ga inda ya rike da inda ya bada kai.

Bari in fara baka hukuncina kafin dalili. Fata ta gaske mai kauri tafi yadi jure gurzar kwalta, wannan ba abin musu bane. Amma kai da kake hawa kullum a zafi da ruwa kuma kudin guda daya gareka, na yadi nake ganin ya kamata ka saya, da sharadin ya zama yana da shaidar gwajin karfi ajin AA (zan yi bayanin ajin a kasa), da garkuwar rage bugu a kafada da gwiwar hannu da gadon baya. Idan babu wannan sharadin to shawarata bata hau kansa ba.

Abin da ke faruwa idan mutum ya fadi

Faduwa daga babur abu biyu ne a jere. Na farko bugu, lokacin da kafadarka ko gwiwar hannunka ta daki kasa. Na biyu jan jiki, kwalta ta dinga gurzarka har gudun ya kare. Duk gardamar fata da yadi a kan na biyun nan ne kawai. Bugu ba ruwansa da abin da aka dinka jaket da shi, abin da ke rage shi shine garkuwar nan ta roba ko soso mai tauri da ake cusawa a aljihunan cikin jaket. Mutane da yawa basa raba wadannan biyun, sai kaga mutum ya saka jaket din fata mai nauyi babu komai a kafadarsa yana ganin ya gama shiri, alhali in ya fadi kujewa ce kadai zai tsira daga gareta, bugun kuwa kashinsa ne zai karbe shi gaba daya.

Akwai abu na uku da ba a cika maganarsa ba kuma shi nafi gani a teburina, dinki. Jaket da yawa ba hujewa suke ba, farkewa suke a layin dinki, musamman bayan kafada da gefen hannu, kuma da zarar dinkin ya bude to komai kyan fatar ko yadin ya tashi daga aiki tunda jikinka ne a waje. Shi yasa in na dauki jaket abin da nake fara dubawa shine ko layin dinki biyu ne ko uku a wadannan wuraren, kuma ko akwai layi daya da aka boye a karkashin ninki inda kwalta ba zata taba shi ba. Jaket din da aka yi da kananan yankuna barkatai don ado shima bana sonsa, kowace mahada wajen farkewa ce.

Fata

Juriyar fata daga halittarta take. Zaruruwan cikinta a sarke suke ta kowace fuska, ba irin saka ba da zare ke tafiya a tsaye da a kwance, to idan kwalta ta kama ta sai ta dinga cinta a hankali daga sama, bata warwarewa kuma zafin gurza baya narkar da ita. Sannan tana zamewa a kan titi maimakon ta kama ta juya mutum ya dinga mirginawa, mirginawar nan kuwa tafi zamewa hadari. Wannan ne dalilin da yasa masu tseren MotoGP, wadanda baburansu ke wuce kilomita 350 a awa, har yau fata suke sakawa, da yawansu ta kangaru saboda tafi ta saniya karfi in aka kwatanta da rashin nauyinta. Amma ka lura ko su fatar kadai bata ishe su ba, tun 2018 aka wajabta musu jakar iska mai kumbura in sun fadi a cikin kayan, saboda matsalar bugu da na fada maka.

Sai dai ba kowace fata ce wannan fatar ba, kuma anan ake cutar mutane sosai. Ta hawa babur fatar saniya ce mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4, ana kuma yi da ta akuya mai kyau. Wadda ake dinka jaket din gayu da ita yawanci ta tunkiya ce, mai laushi, bata kai milimita daya ba, dadin sakawa gareta amma kwalta nan take take cinye ta. Abin da ya kara rikita lamarin shine tun da Irving Schott ya fito da jaket dinsa mai zif a karkace a New York a 1928, wanda ake kira Perfecto, siffar ta fita daga hannun mahaya ta koma kwalliya, yanzu akasarin masu wannan siffar da zaka gani a kasuwa don ado aka yi su, basu taba ganin dakin gwaji ba. Ga kuma fatar roba, wadda yadi ne kawai aka shafa masa roba a sama, bayan dan lokaci ta fara barewa. In kana shakka ka leka ta ciki inda aka yanke, ta gaske bayanta burzi-burzi ne, ta roba kuwa sakar yadi zaka gani.

Wani alherin fata da nake gani da idona shine tana gyaruwa. Mutum ya fadi da gudu matsakaici, a kawo min, in ga saman ne kawai ya kuje, in sake dinkin da ya ji jiki in shafa mata mai, ta koma aiki. Kuma in ana kula da ita tana shekaru masu yawa, tana kara kama jikin mai ita.

Matsalolinta kuma na kullum ne. Tana da nauyi. A rana tana daukar zafi, musamman baka, kuma a cunkoso inda ba iska zaka ji gumi na bin bayanka. Akwai mai kananan huji da aka yi don iska, tana taimakawa in kana gudu, in ka tsaya kuma sai a hankali. Ruwan sama kadan bazai dame ta ba amma in ya dade tana sha, ta kara nauyi, ta dauki lokaci kafin ta bushe, kuma ba a shanya ta a rana mai zafi ko kusa da wuta don zata kame ta tsattsage, a inuwa ake rataye ta inda iska ke shiga. Ka yi tunanin ruwa ya dake ka da yamma kuma gobe da safe zaka sake fita, a jike zaka maida ita. In aka ajiye ta da danshi kuma fumfuna ta kama ta. Bata wankuwa kamar tufafi, gumin da ke shiga shafin ciki sai dai a goge.

Yadi

Kalmar yadi anan ta hade abubuwan da basu da alaka da juna, daga wanda bai fi rigar ruwa karfi ba har wanda ke gogayya da fata a dakin gwaji. Asalinsa don yanayi aka fara shi, irin su Barbour International na 1936 da Belstaff Trialmaster na 1948, auduga ce aka shafa mata kakin da ke hana ruwa shiga. Sai daga baya da aka samu nailan mai karfi irin Cordura aka fara dinka na yadi da niyyar ya jure faduwa, Aerostich a Amurka na cikin na farko da kayansu Roadcrafter a 1983. Abin da yasa na kawo wannan shine da yawa daga masu cewa yadi asarar kudi ne, yadin da can suke tunawa ko kuma mai arahar da suka taba gani ya yage.

Zaka ga ana rubuta 500D ko 600D ko 1000D. Lambar nauyin zaren take nufi, giram nawa ne zare mai tsawon mita 9,000, ma'ana babbar lamba zare mai kauri. Amma lambar bata fada maka da me aka yi zaren ba, kuma nailan mai kyau yafi folista jure gurza, har yawanci Cordura 500D yafi folista 600D duk da lambarsa ce karama. Masu sayarwa sun san mutane lamba suke kallo. Jaket mai kyau zaka ga an kara masa yadi mai kauri ko ninki biyu ko ma yankin fata a kafada da gwiwar hannu, wasu kuma su saka Kevlar daga ciki, zaren nan da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, baya narkewa da zafin gurza amma hasken rana na raunana shi, shi yasa a ciki ake boye shi.

Raunin yadi guda biyu ne kuma bazan boye maka ba. Nailan da folista suna narkewa, in jan ya yi tsawo zafin zai iya narkar da wurin, don haka nake cewa kowa ya saka riga mai dogon hannu a ciki kar shafin jaket ya zama shi ke manne da fatar jiki. Na biyu, faduwa daya ce rabonsa. In ya ja a kwalta da gudu to ko bai huje ba zaren wurin ya riga ya ci wuya, ni kam in aka kawo min irin wannan nakan ce a nemi wani, bana son in yi faci a inda na san bazai sake rikewa ba. Haka kuma rana da wanki suna tsufar da shi fiye da fata, in kaga launi ya kode sosai a kafadu to karfin ma ya ragu.

Amfaninsa kuwa shine duk abin da fata ta kasa. Bashi da nauyi, yana da kofofin iska masu zif da zaka bude ka rufe, ana cire shafin sanyi a maida, ana cire garkuwar a wanke shi, yana da aljihuna, kuma ya fi samuwa da launi mai haske da layukan da ke kyalli in fitilar mota ta haska su, wanda ga mai dawowa daga aiki da magariba ba karamin abu bane, don hadarin da ba a yi ba saboda direba ya hango ka yafi kowace kariya.

Wajen ruwa kala uku ne kuma yana da kyau ka san wanne kake saya. Akwai wanda aka manne fallen da ke hana ruwa a jikin yadin waje kansa, irin Gore-Tex da makamantansa, shi ruwa baya shiga ko kadan kuma nan da nan yake bushewa, amma yafi tsada. Akwai wanda fallen ke rataye a ciki an dinke shi baya cirewa, kai bazaka jike ba amma yadin waje zai sha ruwa, kuma a zafi wannan kalar ita tafi takura don iskar da ta shigo ta kofa fallen ne zai tare ta. Sai wanda fallen ke cirewa da zif, ka ajiye shi a jaka sai hadari ya taso. Ga yanayi irin naka na ukun nan ne yafi ma'ana, ko ma ka sayi jaket mai shan iska sosai ka hada da rigar ruwa mara nauyi da zaka dora a sama, wannan yafi sauri a bakin titi kuma jaket din kansa baya jikewa.

Takardar da ke cikin jaket

Wannan shine abin da zai raba maka gardama fiye da maganar kowa har da tawa. Kasashen Turai suna da ka'idar gwajin kayan mahaya babur mai lamba EN 17092, ta 2020, kuma manyan kamfanoni na duniya da ita suke aiki. Ana gwada jure gurza da karfin dinki da jure yagewa, sai a ba kayan aji, AAA ko AA ko A, akwai kuma B wanda ke jure gurza amma babu garkuwa, da C wanda aikinsa rike garkuwa ne kawai. Na'urar gwajin gurzar a Darmstadt ta Jamus aka kirkiro ta, ana juya yankin kayan da gudu a sake shi a kan kankare har ya tsaya sai a duba ko ya huje. A wuraren da suka fi haduwa da kasa, wato kafada da gwiwar hannu, na AAA ana fara shi daga gudun da yayi daidai da kilomita 120 a awa, na AA 70, na A kuma 45. Kar ka dauki wannan a matsayin alkawarin cewa in ka fadi da wannan gudun lafiya zaka tashi, ma'auni ne kawai na kwatanta kaya da kaya. Abin da nake so ka gane shine gwajin bai tambayi ko fata ce ko yadi ba. Jaket din yadi mai AA an tabbatar da abin da zai iya, na fata mara takarda kuwa zato ne kawai, yana iya zama mai kyau yana iya zama na gayu.

Ka nemi dan lebul din da aka dinke a ciki mai hoton mutum a kan babur da harafin ajin da lambar ka'idar. Kuma ka yi hattara da wata dabara, a rataya wa jaket babban tambarin CE, wato alamar cika ka'idar Turai, alhali garkuwar ciki ce kadai aka gwada, jaket din kansa ba a taba shi ba. In lambar da ka gani 1621 ce kawai to ta garkuwa ce.

Akwai kuma MotoCAP, shirin da Ostireliya da New Zealand suka fara a 2018, su da kansu suke sayen kayan a shago su gwada su bada taurari har biyar, na kariya daban na shan iska daban, kuma kyauta ne a intanet. In jaket din da kake so yana ciki ka duba, zaka ga masu tsada da taurarinsu kadan ne da masu saukin kudi da suka fi su. A Ostireliyar dai, binciken da Liz de Rome da abokan aikinta suka wallafa a 2011 kan mahaya 212 da suka yi hadari a yankin Canberra ya nuna masu jaket din babur basu kai marasa shi kwanciya asibiti ba, kuma mai garkuwa yafi rage rauni, amma sama da kashi daya cikin hudu na jaket din sun lalace a hadarin, sannan ba a ga kayan sun rage karaya ba. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani, jaket yana tsare fata da tsoka, yana hana irin ciwon da kasa ke shiga ya rube, amma ba maganin karaya bane.

Garkuwa ita ma mataki biyu ce. Ta kafada da gwiwar hannu ka'idarta EN 1621-1, mataki na 1 ana yarda karfin bugun da ya ratsa ya kai kilonyutan 35 (ma'aunin karfin bugu ne), mataki na 2 kuma 20 kawai. Ta baya ka'idarta EN 1621-2, 18 da 9. Kaga ta baya mataki na 2 rabin bugun ta farko take bari ya wuce. Jaket da yawa har masu tsada suna zuwa da soso na banza a aljihun baya don kawai ya cike wurin, ka ciro ka duba, in babu lamba a jikinsa ka ware kudin ta gaske tun yanzu cikin lissafinka.

Zafi

Anan ne hukuncina ya karkata. Na sha ganin mutum ya sayi fata mai kyau da kudinsa mai yawa, watan zafi na kamawa ya fara barin zif a bude, daga nan ya fara cewa ai nan kusa ne, daga nan jaket ya koma rataye a bayan kofa, kuma akasarin wadanda ke zuwa min da labarin faduwa a hanyar da suka saba bi kullum abin ya same su, a mahadar titi ko wajen juyawa, da gudun cikin gari. Jaket mai zif a bude iska ce zata dage shi tun kafin ka kai kasa. Sannan zafi da kansa hadari ne, mutum in ya galabaita da gumi da kishirwa hankalinsa na raguwa, ya makara wajen taka birki, ya fara fushi da kowa a titi.

To amma kar ka fada daya bangaren ka sayi mai raga gaba daya. Ragar tana da dadi amma bata kai yadi mai kauri karfi ba, shi yasa da yawansu a ajin A suke tsayawa. Mai kyau shine wanda ragar ke kirji da cikin hannu da wani bangare na baya, kafada da gwiwar hannu kuma yadi mai kauri, akwai irinsu da suka samu AA. Kuma in zafin iska ya wuce na fatar jikinka, wajen digiri 35 zuwa sama, iskar da ke ratsa raga busar da kai take yi da sauri, a doguwar tafiya a irin wannan rana gara ka rage kofofin, ka jika rigar ciki, ka dinga tsayawa shan ruwa.

To yaushe zan ce ka sayi fata? In da hawanka na karshen mako ne kawai, a ranar da ka zaba, a babban titi da gudu sosai, ko kana shiga filin tsere, ko yanayinku mai sanyi ne mara yawan ruwa, to fata mai AAA zan ce ba tare da jinkiri ba, kuma da wandonta mai zif din da ke hade su. Filayen tsere ma yawanci basa barin mutum ya shiga sai da fata. In nan gaba ka samu halin na biyu, ka sayi fatar don doguwar tafiyar, wannan shine cikakken tsari. Akwai kuma masu hadi, fata a kafada da hannu yadi a jiki, wasu suna da kyau kwarai, amma suma takardar zaka bi.

In gwanjo zaka saya to lissafin ya dan juya. Tsohuwar fata mai kyau tana iya zama lafiya lau, ka duba bata bushe ta fara tsagewa ba, ka ja dinkin da hannu biyu ka ga ko zaren ya rube, ka canza garkuwar don tana taurarewa da shekaru. Tsohon yadi kuwa yana da wuyar karantawa, raunin rana baya nuna kansa sosai, kuma fallen ruwan yawanci ya riga ya mutu.

Awo

Duk wanda ka zaba in bai zauna a jikinka ba aikin banza ne. Kuskuren da nafi gani shine sayen babba don a sake, sai faduwa ta zo hannun rigar ya juya, garkuwar ta koma gefe, gwiwar hannu ta daki kasa tsirara. Ka saka shi a kan irin kayan da kake sakawa in zaka fita, ka ja zif har sama, ka zauna a kan babur ko kujera ka mika hannu kamar ka rike kan babur. Garkuwar ta zauna daidai a kan kashin, ka kama ta ka gwada juya ta, in tana yawo ka daure madaurin hannun, in har yanzu tana yawo ka rage lamba. Hannun ya rufe wuyan hannunka a wannan zaman, bayan kuma ya rufe kugu. Ka sa wani ya kama kasan jaket din ya ja sama, in ya taho har kirji to haka kwalta zata yi masa, ka nemi mai madaurin kugu ko mai zif din hadewa da wando. Fata sabuwa ana so ta dan matse don tana budewa da sakawa, yadi kuwa yadda ka same shi haka zai zauna.

Iyakar abin da zan iya fada daga nesa kenan, ban ga jikinka ba ban kuma rike jaket din da ke gabanka ba, kuma abin da nake gani a teburina jaket din wadanda suka tashi ne suka kawo da kafarsu, ba duka hadurra ba. Babu jaket din da zai hana rauni in mutum ya daki mota ko turken fitila da gudu, fata ne ko yadi. Abu daya da zan kara, kar ka zuba kudin duka a jaket ka bar sauran jiki, in hular kwanonka ba mai kyau bace ita ce ta farko, sai safar hannu don tafin hannu ne ke fara taba kasa, sai takalmi mai rufe idon sawu da wando mai garkuwar gwiwa, kafafu suna jin ciwo a hadarin babur sosai. In kudin bazai kai duka ba, gara jaket din yadi matsakaici mai AA da safar hannu mai kyau a kan fata mai tsada da hannu a bude. In ka samu guda biyu ko uku da kake tunani a kansu, ka turo min sunansu da abin da aka rubuta a lebul din ciki in taya ka dubawa.